Kujeru uku da suka raba mulkin Nijar: abin da alƙaluman majalisa ke nunawa

Kundin tsarin mulkin da aka amince da shi a Disambar 1992 ya ɗora Nijar kan tsarin raba madafun iko. A ƙarƙashin wancan kundin, jama'a ke zaɓen shugaban ƙasa, shi ya naɗa firaminista, amma firaministan ba ya ɗorewa sai da goyon bayan masu rinjaye a majalisar dokoki. Mai jefa ƙuri'a a Kelle, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, ya kamata ya san wannan lissafi, domin ƙuri'ar depite ta sha kayar da gwamnati.

83 da 42. Majalisar 1993 tana da kujeru 83, don haka rinjaye ya fara daga 42. Takwas daga cikinsu na mazaɓu na musamman ne, har da Tesker, maƙwabciyar Kelle, wadda Bazoum Mohamed ya wakilta.

50 da 37. Ƙawancen AFC ya samu kujeru 50 a zaɓen Fabrairun 1993, ciki har da 22 na CDS da 13 na PNDS da 11 na ANDP. MNSD ta fi kowace jam'iyya da 29, amma ta koma adawa. A zaɓen shugaban ƙasa na Maris, Mahaman Usman, ɗan Damagaram, ya doke Tanja Mamadu. Da Mahamadu Isufu ya ajiye muƙamin firaminista a Satumban 1994, jam'iyyarsa PNDS ta fice daga ƙawancen da kujerunta 13, aka bar shugaban ƙasa da 37. Gwamnatin Sule Abdullahi da ta biyo baya ba ta yi wata guda ba majalisa ta jefa mata ƙuri'ar yanke ƙauna, shugaban ya rusa majalisar.

43 da 40. Nan ne gizo ke saƙar. A zaɓen 12 ga Janairu 1995, 'yan adawa suka samu 43, ɓangaren shugaban ƙasa 40. Tazarar uku ce kacal: da kujeru biyu sun sauya hannu, da labarin ya juye zuwa 42 da 41. Mahaman Usman ya naɗa Amadu Sise firaminista, masu rinjaye suka tsige shi cikin makonni biyu, dole aka ba Hama Amadu muƙamin, Isufu kuma ya hau kujerar shugaban majalisa. Shugaba da firaminista suka shiga zaman doya da manja, ana jayayya kan wa ke kiran taron ministoci, wa ke naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati. Ayyuka suka tsaya cik. Bayan wata 11, ranar 27 ga Janairu 1996, Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka.

62 cikin 113. Ranar 31 ga Mayu 2007, 'yan majalisa 62 suka kayar da gwamnatin Hama Amadu, wanda ya sake zama firaminista a mulkin shugaba Tanja, kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimi. Ana buƙatar 57, aka samu rarar biyar. Hama ya sauka, Saini Umaru ya gaje shi cikin lumana. Amma a Mayun 2009 Tanja ya rusa majalisa don neman tazarce, soja suka hamɓarar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Darasin a fili yake. A 2007 an mutunta ƙirgar majalisa, aka sauya gwamnati ba tare da ƙarar bindiga ba. A 1995 da 2009 an yi kokawa da ita, mulkin ya faɗa hannun soja. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sake rufe majalisar. Duk ranar da aka dawo da zaɓe, jama'ar Kelle da Gure su auna ɗan takarar majalisa kamar yadda suke auna na shugaban ƙasa, su tambaye shi da wa zai ƙulla ƙawance kafin su ba shi ƙuri'a.