Saƙon da Lu'ulu'u Ke Ɗaukowa Daga Can Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya leƙa ramin da ake fasa dutse a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, inda masana'antar siminti ke aiki tun 1967, zai ga farin dutse a shimfiɗe hawa-hawa. Idan ya ɗauki guntu ya duba da kyau, yana iya ganin ɓawon ƙananan halittun ruwa a manne ciki. Kimanin shekara miliyan 60 da suka shige, teku ne a wurin nan, wani reshe mara zurfi da ya ratso Sahara. A wajajen Wurno ma an tono ƙasusuwan kadojin da suka rayu a wancan ruwa. Ashe ƙasa takan ajiye labarinta, mai haƙa kuma ya karanta.

To amma haƙar ɗan Adam iyakarta ina? Rijiyar burtsatse a ƙasar Sakkwato ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mita. Rami mafi zurfi da aka taɓa yi shi ne wanda Tarayyar Sobiyet ta soma haƙawa a Kola cikin 1970, ya kai mita 12,262 a 1989, daga nan zafi ya gagari injuna. Alhali daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya akwai kilomita wajen 6,370. Ko ɓawon ƙasa, wanda kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi yake tsakanin kilomita 30 zuwa 50, Kola bai huda rabinsa ba. A ƙarƙashin ɓawon nan ne mantil yake, shimfiɗar dutse mai zafi da ta miƙa har zurfin kilomita 2,900, ta kuma cinye fiye da kashi 80 cikin 100 na girman duniya. Dutse ne daskararre, sai dai yana motsi a hankali, 'yan santimita a shekara.

Girgizar ƙasa ce ta fara nuna wa masana fasalinsa. Sun lura cewa gudun igiyoyin girgiza yakan canza farat ɗaya a zurfin kilomita 410, ya sake canzawa a 660, suka gane lalle dutse yana sauya kama a waɗannan wurare. Amma gane fasali daga nesa daban, riƙe abu a tafin hannu daban. Abin da ya kawo shi hannu shi ne wani irin aman wuta da ba a cika samu ba.

A 1871 aka sami lu'ulu'u a wani ɗan tudu a Afirka ta Kudu, jama'a suka yi ca a kai da diga da shebur har tudun ya koma ƙaton rami, garin Kimberley ya tsiro a bakinsa. Da aka yi zurfi sai aka tarar lu'ulu'un yana cikin wani dutse mai shuɗi-shuɗi da ya cika wani dogon maƙogwaro mai gangarawa ƙasa. Daga sunan garin aka sa masa suna kimbalait. Narkakken dutse ne cike da iskar kabon da tururin ruwa, wanda yakan taso daga zurfin da ya kai kilomita 150 ko fiye, ya yi ta yagar duwatsun da ya ratsa yana tahowa da su, ya iso sama cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Saurin nan shi ne sirrin. Lu'ulu'u kabon ne zalla, ɗan'uwan gawayi da baƙin cikin fensir. Matsi ne da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau dubu 45 zuwa 60, da zafin digiri 900 zuwa 1,300, suka mai da shi abin da yake. Da a hankali ya hauro cikin zafi, da ya rikiɗe ya koma baƙin fensir tun a hanya.

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa ake haƙar zinariya a Anka da Maru amma ba a jin labarin ramin lu'ulu'u a ƙasar Hausa? Wani masanin duwatsu, Tom Clifford, ya nuna a 1966 cewa kimbalait mai lu'ulu'u kusan kullum a kan tsofaffin sassan nahiya yake, waɗanda suka yi shekara fiye da biliyan 2 ba su motsa ba, masu saiwa mai kauri da sanyi da ta nutse har kilomita 200. Irin wannan tsohon gindi yana yamma da mu, ƙarƙashin Gini da Saliyo da Laberiya da sassan Mali da Gana. Shi ya sa ake da lu'ulu'un Koidu a Saliyo, ake da na Akwatia a Gana, inda aka soma samun lu'ulu'u a kwarin kogin Birim a 1919. Dutsen da ke ƙarƙashin arewacin Nijeriya kuwa an sake toya shi, an murɗe shi, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ba a bar mu haka nan ba dai: tsofaffin duwatsu masu aman wuta na Biu da na Filato sun tofo dunƙule-dunƙulen dutse kore daga saman mantil, cike da ma'adinin olibin, kuma masana sun daɗe suna nazarinsu.

Tun kafin a ga lu'ulu'u da ido, 'yan rakiyarsa ne ke tona asirinsa: jan ganet, baƙin ilmenait, da wani koren ma'adini mai sinadarin kurom. A Botswana yashin Kalahari ya binne komai, amma gara, wadda ke nutsawa ƙasa neman laima, ta riƙa fito da ƙwayoyin nan tana gina suri da su. Bin sawun irin waɗannan ƙwayoyi ne ya kai masu bincike ga Orapa a 1967 da Jwaneng bayan 'yan shekaru. Su ma ƙwayoyin suna da nasu bayani, domin yawan wasu sinadarai a cikinsu yakan nuna zafi da zurfin wurin da suka fito, har a zana yadda zafin ƙasa ke ƙaruwa mataki-mataki.

Babban bayanin yana cikin lu'ulu'un kansa. Yayin da yake girma, wani lokaci yakan rufe wata 'yar ƙwayar ma'adini a cikinsa, wadda sau da yawa ba ta kai ƙwayar yashi ba. Ɗan kasuwa yana kiran wannan aibi, ya rage kuɗi. Masanin duwatsu kuwa abin da yake nema ke nan. Kamar laya ce da baduku ya ɗinke da jar fata: duk daɗewarta, rubutun da ke ciki bai san ruwa ko ƙura ba. Lu'ulu'u ba ya barin komai ya shiga ko ya fita, wani lokaci ma yakan riƙe wani kaso na matsin wurin da ya fito.

Abu na farko da ƙwayoyin suka faɗa shi ne shekaru. A 1984 Stephen Richardson da abokan aikinsa suka auna ganet ɗin da ke cikin lu'ulu'un ramukan Kimberley da Finsch, suka sami shekara wajen biliyan 3.3, alhali kimbalait ɗin Kimberley bai wuce shekara miliyan 90 ba. Wato ba aman wutar ne ya haifi lu'ulu'u ba. Ya tarar da shi a kwance ne ya ɗauko. Yawancinsa daga zurfin kilomita 150 zuwa 200 yake, kwatankwacin tafiya daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi ko Gusau, amma a miƙe zuwa ƙasa.

Akwai kuma 'yan kaɗan da suka fito daga can ƙasa sosai, kuma Afirka ta Yamma tana da babban rabo a gano su. A shekara ta 2000 Thomas Stachel da abokansa suka buga sakamakon nazarin lu'ulu'un yankin Kankan a Gini. A ciki suka sami irin ganet ɗin da ba ya samuwa sai an wuce zurfin kilomita 250, da wasu ma'adinai da ba sa zama tare sai ƙasa da kilomita 660, nisan da ya zarce na Sakkwato zuwa Kano. Dutsen da mai wanke tsakuwa ya tsamo a bakin rafi ya zama shaida kan wurin da babu injin da zai taɓa kaiwa.

Wanda ya fi yin suna shi ne wani ɗan mummunan lu'ulu'u mai ruwan ƙasa daga Juina a Brazil, faɗinsa milimita 3 kacal. A 2014 Graham Pearson na Jami'ar Alberta a Kanada da tawagarsa suka bayyana cewa akwai ringudait a cikinsa. Wannan shi ne kamar da olibin ke ɗauka tsakanin zurfin kilomita 520 da 660. An sa masa sunan Ted Ringwood, masani ɗan Ostireliya da ya yi hasashensa, an kuma gan shi tun 1969 a cikin dutsen da ya faɗo daga sama, amma ba a taɓa riƙe na cikin duniyarmu ba sai a lokacin. Da aka auna, kusan kashi 1.5 cikin 100 na nauyin ringudait ɗin ruwa ne. Idan duk shimfiɗar da ke wannan zurfi haka take, ruwan da ke can zai kai yawan na dukkan tekunan duniya. A nan sai a yi hattara, domin an sha baza labarin cewa an gano teku a ƙarƙashin ƙasa. Babu teku, babu ko ɗigo mai gudana. Sinadaran ruwan ne a saƙe cikin jikin ma'adinin. A 2022 aka sake samun ringudait a wani lu'ulu'u daga Karowe a Botswana, tare da ma'adinan da ke nuna laima a daidai iyakar kilomita 660. Masana dai har yanzu suna muhawara kan ko duk shimfiɗar ce mai ruwa ko wurare ne jefi-jefi.

Ina ruwan ya fito? A nan ne farin dutsen Kalambaina ya shigo maganar. Dutse ne na kabon da halittun teku suka tara. Namu ya tsira ne don a kan nahiya ya kwanta. Wanda ya kwanta a gindin manyan tekuna kuwa, tafiya yake yi a kan faifan ƙasa, har ya kai inda faifan ke nutsewa ƙarƙashin wani, kamar gaɓar Jafan ko ta Chile, ya gangara cikin mantil da kabon ɗinsa da ruwan da ya jiƙa dutsen. A 2011 Michael Walter da abokansa suka nuna cewa wasu lu'ulu'un Juina da suka girma a mantil na ƙasa suna ɗauke da kabon mai alamar fitowa daga saman duniya, ƙwayoyin cikinsu kuma sun yi daidai da dutsen gindin teku. A 2018 Evan Smith ya kawo hujjar cewa shuɗin lu'ulu'u, wanda sinadarin boron ke ba shi launi, shi ma daga can ƙasa yake, kuma ana ganin boron ɗin daga gindin teku ya gangara. A ganina wannan ne mafi girman darasi a fannin: sama da ƙasa ba a rabe suke ba, abin da teku ya haɗiye yana iya yin tafiyar ɗaruruwan kilomita ya dawo.

Hatta lokacin da wannan nutsewa ta soma, ƙwayoyin sun ba da haske. Steven Shirey da Richardson sun tattara shekarun ƙwayoyi daga nahiyoyi da dama a 2011, suka ga cewa waɗanda suka haura shekara biliyan 3.2 duk na asalin dutsen mantil ne, masu alamar gindin teku kuwa ba su yawaita ba sai daga shekara biliyan 3 zuwa yau. Suka ɗauki wannan a matsayin lokacin da faya-fayan ƙasa suka fara karo irin na yanzu.

Manyan duwatsun da sarakuna ke alfahari da su ma sun shiga lissafi. Cullinan, mai karat 3,106, wanda aka tsinta a Afirka ta Kudu a 1905, yana cikin wani jinsi na manyan lu'ulu'u masu tsabta. Smith ya bi ɓarɓashin da masu yanka ke zubarwa daga irinsu, ya sami ɗigon ƙarfe da nikel a daskare ciki, ya nuna a 2016 cewa sun girma ne a cikin narkakken ƙarfe, a zurfin kilomita 360 zuwa 750.