Darajar ƙaron Sinnar a cikin ɗigo ɗaya

Almajirin Mai Wurno, garin da Hausawa da Fulani suka kafa a gaɓar Shuɗin Nilu, a yankin Sinnar na Sudan, bayan yaƙin Burmi na 1903, ya san tawada ba ta yin kyau sai da ƙaro. In babu shi, baƙin ya kwanta a gindin kurtu, rubutu kuma ya goge daga allo da an shafa. Kusan irin wannan aikin ne ya sa kamfanonin lemon kwalba ke neman ƙaron Sudan ruwa a jallo, don shi ke hana man ɓawon lemo taruwa ya taso wuyan kwalba.

To, yaya ake gane ƙaron da ya fi iya aikin? Da siffar ɗigo.

Saman ruwa yana da tsauri, kamar an ja masa siririyar fata. Shi ya sa ƙwaro ke yawo a kan ruwan magudanan gonakin Jazira na Sudan bai nutse ba. Don auna wannan tsauri, mai awo zai rataye ɗigo a bakin allura, fitila a baya, kyamara a gaba. Tsaurin yana dunƙule ɗigon, nauyinsa yana jan sa ƙasa, kuma siffar da ya tsaya a kanta ita ke faɗin wanda ya rinjaya. Young da Laplace suka kafa lissafin a 1805 da 1806, Bashforth da Adams suka fitar da jadawalinsa a 1883, sai a 1983 Neumann da abokan aikinsa a Toronto suka miƙa wa kwamfuta aikin. Tsabtataccen ruwa yakan ba da wajen milinyutan 72 a kowace mita. Ko da kumfar iska ma ana yin awon.

Wajen ƙaro, ana lanƙwasa allurar ne ta dubi sama, a fitar da ɗigon mai a cikin ruwan ƙaro, a zuba ido na sa'o'i. A hankali ƙaron zai lulluɓe ɗigon, tsaurin ya ragu, ɗigon ya ƙara tsawo. Daga nan a riƙa kumbura shi ana motse shi kaɗan-kaɗan, a ga ko lulluɓin yana miƙewa ya dawo ko yana sakewa. Abin mamaki, furotin ɗin da bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 na ƙaron ba shi ke kama man. Ƙaron dakwara, wanda Larabawa ke ce wa hashab, ya fi na dushe, wato talha, yawan wannan furotin, ya kuma fi shi tsada.

Abin da ke damuna shi ne, mai tsaga itacen da rana tsaka ana sayen ƙaron a hannunsa ne bisa launi da girman curi. Yawancin ƙaron yana fita ɗanye, kaso mai tsoka zuwa Faransa, inda ake tacewa, a auna, a ninka kuɗinsa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula kasuwar, ya kuma taɓa makarantu. In an zo gyaran ɗakunan gwaji a Jami'ar Sinnar da ta Jazira a Wad Madani, ina roƙon a sa wannan na'ura a lissafi. Allura ce da fitila da kyamara da kwamfuta, ba ta fi ƙarfinmu ba.