Kiwon Kaji a Gida da Littattafan Yara

Da wuya a shiga wani gida a ƙauyukan ƙasar nan, daga Argungu har zuwa Ogoja, ba a tarar da kaji suna tono a tsakar gida ba. Kaza ita ce asusun talaka: in baƙo ya sauka a yanka, in yaro ya bukaci kuɗin littafi a kama ɗaya a kai kasuwa. Tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 Gwamnatin Tarayya take kiran jama'a da su riƙi wannan kiwo da muhimmanci. Amma har yanzu yawancin masu kaji sakinsu kawai suke yi, sai abin da Allah ya raya.

Kazar gida takan yi ƙwai kamar 40 zuwa 60 a shekara, ta kwanta a kansu kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Kaza irin Shika Brown kuwa, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta samar, takan yi fiye da 200, sai dai tana bukatar abinci na musamman da kulawa. Ga mai ƙaramin ƙarfi, shawararmu ita ce ya fara gyara kiwon kajin da ke hannunsa tukuna. Asarar da ta fi yawa a kan 'yan tsaki take faɗawa cikin makonninsu na farko. A kife su da kwando ko a tsare su a akurki saboda shirwa da shaho, a ba su tsaki da dusa, a haɗa musu da gara, a ajiye musu ruwa a kasko marar zurfi don kada su faɗa ciki. A riƙa share akurki ana barbaɗa toka.

Babbar abokiyar gaba ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda ta fi tsanani da hunturu. Za a ga kaza ta saki fikafikai, tana kashi kore, wani lokaci wuyanta ya murɗe, kafin mako ya zagayo akurki ya zama wayam. Wannan cuta ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafinta, har da wani iri mai jure zafi da ake ɗiga wa kaza a ido. A nemi malamin dabbobi ya yi wa kaji duka, manya da ƙanana, a kuma maimaita bayan kowane wata huɗu. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da sauran.

Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya cikin watan Fabrairu na 2006, a Jihar Kaduna. Ita tana iya kama mutum. Saboda haka in kaji suka fara mutuwa rututu, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, kada a aiki yaro ya jefar da mushe a bola. A sanar da hukuma, a binne su da zurfi.

To, ina ruwan littafi da wannan duka? Ai kowa ya san a gidajenmu mata da yara ne masu kaji. Yaro ne ke buɗe akurki da safe, shi ke korar su ciki da magariba, shi zai fara lura in wata ta ƙi ci. Yaron da ya ga abin da ya sani a cikin littafi kuwa ya fi saurin kama karatu, kuma marubuta a ƙasashe da dama sun daɗe da gane haka. Akwai tsohuwar tatsuniyar Turawa, The Little Red Hen, ta kazar da ta tsinci alkama ta shuka, ta girbe, ta niƙa, sauran dabbobi suka ƙi taya ta, sai da abinci ya nuna suka taso. A 1968 Pat Hutchins ta Ingila ta fitar da Rosie's Walk, inda kaza ke yawonta yanyawa na binta a baya, rubutun bai ambaci yanyawar ba ko sau ɗaya, sai yaro ya gano ta da kansa a hoto. Handa's Hen na Eileen Browne, 2002, a wani ƙauyen Kenya aka kafa shi, yana koyar da ƙirga har zuwa 'yan tsaki goma. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Catch That Chicken! na Atinuke, marubuciya haifaffiyar Nijeriya, wanda ya fito a 2020, labarin wata yarinya Lami gwanar kama kaji.

Duk waɗannan da Turanci aka rubuta su. Malami ko uba mai ilmi zai iya juya wa yara su da baki, ba sai ya jira bugu ba. A matsayinmu na masu fassara, mun ga ya fi kyau a mai da yanyawa muzuru, alkama kuma ta koma dawa, domin su yaro ya sani. In an gama labari a fita da yara bakin akurki, a ba kowanne littafin rubutu ya riƙa rubuta ranar da kaza ta fara kwanci, da ƙwai nawa aka sa mata, da nawa suka zama baragurbi, da ranar rigakafi. Ya koyi rubutu da lissafi ke nan, iyaye kuma sun sami mai tuna musu lokacin allura.

Abu guda da ya kamata a kawar shi ne camfin nan na cewa yaron da ke cin ƙwai zai tashi ɓarawo. Ba shi da tushe. Dafaffen ƙwai abinci ne mai gina jiki, ana iya fara ba jariri tun yana wata shida. A dai tabbata ya dahu sosai, a kuma sa yara su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa kaza ko suka share akurki.