Juma'a da Lahadi a Kudancin Jigawa

Ranar Juma'a, tun kafin rana ta take, Birnin Kudu kan sauya kama. Masu shaguna su ja ƙyaure, direbobin da suka biyo hanyar Kano zuwa Maiduguri su faka a gefen titi, kowa ya rataya darduma ya nufi masallaci. Idan ciki ya cika, sahu ya malalo har inuwar darbejiya. Bayan la'asar 'yan Tijjaniyya su kewaye farin ƙyalle suna zikiri, a wata unguwar kuma malamin Izala ya buɗe littafi bayan magariba.

Safiyar Lahadi wata murya ce ke tashi, ba mai ƙarfi ba, domin Kiristoci tsiraru ne a nan. Akwai ma'aikatan asibitin tarayya, malaman makaranta, 'yan kasuwa da masu yi wa ƙasa hidima. A karkarar Arewa, majami'ar ECWA, wadda ta samo tushe daga mishan ɗin SIM, ta fi yaɗuwa a kan Methodist da ta shigo ta Badagry a 1842. Duk inda ake sujada da Hausa, za ka ga zumuntar mata cikin anko, wata na buga tulu, wata na kaɗa kacau-kacau, fasto na karanta Littafi Mai Tsarki da aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932.

Amma wanda ke son sanin abin da ke riƙe da ɗakunan ibadan nan, ya jira kaka a ƙauyukan Gwaram. Manomin da gonarsa ta kai nisabi yakan ware dami ɗaya cikin goma na gero ko dawa, zakka ce ta mabuƙata. Kirista kuma ya kinkimo buhun masara ko gyaɗa ranar godiyar kaka. Kwanon rufin masallaci da na majami'a da karo-karo ake saye. Dattijon da ke cika randar alwala kafin asuba ba ya jiran albashi, haka matar da ke share majami'a ranar Asabar.

Waɗannan bayin Allah sun cancanci a san da su, a kuma tsare musu wuraren da suke yi wa hidima, babba da ƙarami. Gona ɗaya ke ciyar da su, kuma idan damina ta yi gardama, duka ɓangarorin biyu roƙon ruwa suke yi.