Fansho ba ya zuwa don furfura

Na gaji da jin wata magana a majalisun hira, daga Agye har Gidan Runji: wai duk wanda ya cika shekara 60 yana da kuɗin tsufa a hannun gwamnati, manya ne kawai suke danne su a Yamai. Kwanan baya wani dattijo a Gazawa ya buɗe mini leda, ya zaro takardar haihuwarsa, wadda alƙali ya yanke masa da shaidu biyu, ta yi laushi don ninki. Ya yi gadin wani kanti shekara 22. Na tambaye shi lambarsa ta asusun fansho na CNSS, ya ce, "Ɗana, wace lamba kuma?"

Asusun fansho biyu ne a Nijar. Ma'aikatan gwamnati suna ƙarƙashin CARENI, wadda ta gaji tsohon asusun FNR. Direbobi, masu gadi, ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyin agaji kuwa CNSS ce tasu. Dukansu biyun zubi ne, kamar adashi, wanda bai zuba ba ba ya kwasa. A CNSS ana cire kashi 5.25 cikin ɗari na albashi, maigida ya ɗora kashi 6.25 daga aljihunsa. Shekara 60 sharaɗi ɗaya ce kawai. Sai an haɗa ta da zubin wata 180, wato shekara 15, sannan fansho ya tabbata. Wanda zubinsa ya gaza, kuɗi ake ba shi dunƙule sau ɗaya, a sallame shi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ma'aikacin da ke roƙon maigidansa da bakinsa: "Alhaji, kar a yanke mini komai, a ba ni kuɗina cif." A albashin jika 50, abin da za a cire sefa 2,625 ne. Don ya tsira da su, ya yafe wa Alhaji 3,125 da doka ta ɗora masa kowane wata, har yana godiya. Alhaji kuwa me zai ce? Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ranar da gwiwa ta ƙi, sai a koma zagin gwamnati.

Ban wanke gwamnati ba. Jinkirin takardu gaskiya ne, kuɗin ba ya kai ƙarshen wata, manomin aya na Cadawa kuwa tsarin bai san da shi ba sam.

Amma kai mai albashi, tun yau ka tambayi lambarka. In an ce an yi maka rajista, kar ka tsaya ga "an yi", ka hau mota zuwa ofishin CNSS na Maradi a duba maka watannin da aka zuba, don akwai masu cirewa su riƙe a aljihu. Ka adana takardun albashi da shaidar kowane wurin da ka yi aiki, cikin akwati, nesa da gara. Ka duba sunanka ya zo iri ɗaya a ko'ina, kar ka zama Mamman a nan, Mahamane a can. Ka yi wa aurenka da 'ya'yanka takarda a ofishin magajin gari, don da ita matarka za ta nemi rabonta in ka riga ta. Masu rage shekaru a takarda kuma su sani, wanda ya zabge biyar, zai kai 65 yana jiran ofis ya yarda ya kai 60.