Yawon hamada a Dubai: Ku duba jakar magani kafin ku hau tudun yashi

Tun da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗage takunkumin biza da ta sa wa 'yan Najeriya a watan Yulin 2024, jirgin Emirates kuma ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba na shekarar, 'yan kasuwarmu suka ci gaba da zirga-zirgar Dubai, wasu har da iyali. Idan an gama da kasuwar zinari ta Deira, an ɗauki hoto a gindin Burj Khalifa, abin da za a tallata muku na gaba shi ne fita hamada.

Da misalin ƙarfe uku na rana Land Cruiser za ta ɗauke ku a otal, ku yi tafiyar kusan awa ɗaya zuwa wurare irin su Lahbab mai jan yashi. Can direba zai rage iskar taya, ya dinga hawa tuddan yashi yana gangarowa a karkace, mota na jijjiga, yara na ihu. Daga nan sai sansani, a hau raƙumi, a yi ƙunshi, a ci gasasshen nama, a dawo gari da dare. Tafiya ce mai daɗi, ban hana kowa ba. Abin da ke damuna shi ne mutanenmu na zuwa da tunanin cewa ɗan Najeriya ya gama sanin zafi.

A Legas ko Fatakwal gumi na jiƙa riga, ka gani da idonka ka nemi ruwa. A cikin hamada iska busasshiya ce, gumin na ƙafewa yana fitowa, sai jiki ya yi ta asarar ruwa mai shi bai ankara ba. A watannin Yuli da Agusta zafin Dubai kan wuce digiri 40. Hukumomin ƙasar da kansu sun hana aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Idan da hali, ku sa tafiyar tsakanin Nuwamba da Maris.

Yanzu mu zo kan jakar magani, domin a nan ne aka fi samun matsala. Baba ko Hajiya da ke shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix, jikinsu na zubar da ruwa tun kafin rana ta taɓa su. Idan gumi ya ƙaru a kai, jini na iya sauka ƙasa, mutum ya miƙe daga zaune ya ga jiri, ya yanke jiki ya faɗi. Maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda muke haɗiya kamar alewa, suna wahalar da ƙoda idan jiki ba ruwa, musamman ga mai shan lisinofiril ko mai sa fitsarin nan. Piriton da 'yan uwansa na mura da ƙaiƙayi suna rage gumi, alhali da gumi jiki ke sanyaya kansa. Kada wanda ya karanta wannan ya ajiye maganin hawan jininsa da kansa. Ku je wurin likita ko mai harhaɗa magunguna mako biyu kafin tafiya, ku zube masa duk abin da kuke sha a kan tebur, ku ce hamada za ku shiga.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin yana da nasa lissafin. Wadda ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda aka fara amfani da ita kuma kada ta wuce digiri 30. Motar da aka ajiye a rana ta wuce haka nesa ba kusa ba, kuma insulin ɗin da zafi ya lalata ba lallai ya canza kala ba, sai dai a yi allura suga ya ƙi sauka. A sa shi a ƙaramar jakar sanyi, amma kada ya taɓa ƙanƙara, domin daskarewa ma na kashe shi. A riƙe dabino ko alewa a aljihu, saboda abincin sansani sai bayan magariba.

Yaro mai sikila kuwa, ƙarancin ruwa da gajiya da sanyin da ke saukowa a hamada da dare a lokacin hunturu duk suna iya tayar masa da ciwo. A ba shi ruwa a kai a kai ko bai nema ba, a ɗaukar masa rigar sanyi da maganinsa.

Mai juna biyu, da mai ciwon baya ko wuya ko zuciya, da jariri, ba su da abin yi a motar da ke tsalle kan yashi. Ku ce a wuce da su sansani kai tsaye. Idan gidan ya fi yawan tsofaffi da ƙananan yara, gandun namun daji na Al Marmoom ko garin Hatta mai duwatsu da madatsar ruwa, kimanin kilomita 130 daga Dubai, sun fi sauƙi. Mai amai a mota ya sha Stugeron awa biyu kafin a tashi, kuma kada ya cika ciki da rana.

Raƙumi ba baƙonmu ba ne, amma na yankin Larabawa yana iya ɗaukar cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu ciwon suga, ciwon ƙoda, ciwon huhu da masu raunin garkuwar jiki su guji kusantar raƙuma. Nonon raƙumin da ba a dafa ba kada kowa ya sha, komai falalar da aka ce yana da ita. Mata kuma, a wurin ƙunshi ku zaɓi jan lalle. Baƙin da ke kamawa nan take yawanci da sinadarin rinin gashi a ciki, yana iya sa fata ta yi ƙuraje ta saɓule, ballantana fatar yarinya ƙarama.

Game da ruwa, kowane babba ya riƙe gorarsa, ana kurɓa tun kafin ƙishi. Fitsarin da ya yi duhu alama ce an makara. Ku ɗauki ƙunshin ruwan gishiri da suga na kemis, guda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Wanda ya fara ciwon kai, kasala da tashin zuciya, a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a ba shi ya sha. Idan ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma jiki zafi rau, bugun zafi ne, kuma yana kisa. A kira 998, lambar motar asibiti a ƙasar, a jiƙa shi da ruwan sanyi ana yi masa fifita har su iso. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafin, kuma ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa. A gaya wa likita daga Najeriya kuke, domin ya duba zazzaɓin cizon sauro.

Akwai kuma doka. Tiramadol, kodin da diyazefam suna cikin magungunan da Daular ke sa wa ido sosai, kuma shiga da su babu takarda na iya kai mutum gidan yari. Wanda likita ya rubuta masa, kamar mai sikila, ya nemi izinin hukumomin lafiyar ƙasar ta intanet kafin ya tashi, ya riƙe takardar likita, ya bar magani a cikin kwalinsa na asali. Saƙon magani da wani ya ba ku a filin jirgi ku kai wa ɗan uwansa, ko da a kulle yake da kyau, kada ku karɓa.