'Yar bola jarin da ta rubuta littafi da yunwa a cikinta

Yawancin masu ba da labarin yadda suka kuɓuta daga talauci sai ciki ya cika suke ɗaukar alƙalami. Carolina Maria de Jesus ba ta jira wannan rana ba. A Canindé, unguwar marasa galihu a wancan lokaci a birnin Sao Paulo na ƙasar Birazil, wuni take tana bin juji tana tsintar takardu da ƙarafa ta sayar, sana'ar da mu nan muke kira bola jari. In ta samu sarari sai ta zauna a ɗakin katakon da ta kafa da hannunta ta rubuta abin da ta gani. Littattafan rubutun ma tsinto su take. Shekara biyu kacal ta yi a makaranta, ga 'ya'ya uku, ba mai tallafa mata.

Rubutun ya fara ne a watan Yulin 1955, ranar zagayowar haihuwar 'yarta. Ta so saya mata takalmi, kuɗi bai kai ba, sai ta tsinto wani a shara ta wanke ta gyara. Haka shafukan suke tafiya: nawa ta samu yau, nawa burodi ya ci, wa aka yi faɗa da shi a layin famfo. Wanda ya riga ya haye kan manta farashin sabulu, ita kuwa lissafin a hannunta yake, kuma a nan ƙarfin littafin yake.

A 1958 ɗan jarida Audálio Dantas ya gamu da ita a unguwar. Ta hanyarsa rubutun ya zama littafi, Quarto de Despejo, wanda ya fito a 1960, kwafi 10,000 na bugun farko suka ƙare cikin 'yan kwanaki, aka fassara shi zuwa harsuna fiye da goma. Ta koma gidan bulo. Ranar tashinta wasu maƙwabta jifa suka bi ta da shi, don ta ambaci sirrinsu.

Abin takaici, masu karatu talaucinta suka so, ba ita ba. Littafinta na biyu, wanda ya ba da labarin sabuwar rayuwarta, bai yi kasuwa ba. Kuɗi ya ƙare, ta rasu a 1977 a Parelheiros, gefen birni, cikin rashi. Sai a 2021 Jami'ar Tarayya ta Rio de Janeiro ta ba ta digirin girmamawa, shekara 44 bayan rasuwarta.